Farfelar Malam Garba Ta Je Abuja

Litinin: Gwandu zuwa Abuja

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame Asuba, na hau mota a Gwandu da tsohuwar farfelar injin ban-ruwa a jakata. Ta Malam Garba ce, manomin albasa a Maruda. Shekara goma ni nake narka ƙarfe in zuba masa kayan inji a maƙerata, amma wannan sau biyu ina zubawa tana rawa, kasuwa kuma babu irinta. Maƙwabcinsa ya ara masa inji zuwa Alhamis. Da ya ji ƙungiyarmu ta maƙera za ta tura ni baje kolin fasaha, sai ya ce in kai wa Sanusi. Maganar nan ta soke ni.

Sanusi ɗan kawuna ne na Kalgo. Ni na koya masa riƙon awartaki kafin boko ya ɗauke shi. Yanzu injiniya ne a Abuja.

Ƙarfe bakwai da kwata muka tsaya Kalgo. Matar kawu ta ba ni ƙullin kilishi in kai wa "injiniya", sau uku tana faɗin kalmar. Shinge huɗu muka wuce kafin Yawuri. A Kwantagora na ci shinkafa da wake, dubu ɗaya da ɗari biyar. Direba ya tambaye ni mi nika zuwa yi Abuja, na ce kallo. Bayan Magariba muka shiga, na kwana a ɗakin wani ɗan garinmu.

Talata: wurin baje koli

Ƙarfe goma na shiga. Injina ne masu gina abu shimfiɗa kan shimfiɗa, babu wuta babu guduma. Wani yana narka zaren roba kamar taliya, wani yana ƙona garin ƙarfe da haske. Na ga haƙora, na ga ƙafar roba, har da kayan jirgin sama.

Rumfar Sanusi ta fi cika. Ya sa farar riga, hannunsa babu ɗigon baƙi, manya suna ɗaukar hoto da shi. Na dubi nawa hannun na cusa a aljihu. Ba zan ɓoye ba, ƙyashi ya kama ni har wuya.

Ya rungume ni, ya tsokane ni da warin gawayi. Sannan ya haska farfelar da wata na'ura, siffarta ta fito a kwamfuta.

"Yaya, haka take tun asali, ko ta ci?"

Yashin fadama ya cinye bakin fukafukanta kusan faɗin farce. Duk maƙerin da ya taɓa zubi ya san sai an ƙara abin da ya zaizaye. Na ce, "Kai ne injiniya. Haka take."

Awa biyar injin ya yi, ya fitar da sabuwa ta nailan mai tauri, sumul, da cinyewarta da komai. Ko sisi bai karɓa ba.

Laraba: komawa gida

Ƙarfe shida muka taso. Duk hanya ina shirya yadda zan girgiza kai in ce aikin zamani ke nan. Bayan Isha'i na isa Gwandu.

Alhamis: Maruda

Ƙarfe takwas na ɗaura farfelar, maƙwabci ya riga ya ɗauke injinsa. Aka tayar. Ta juya lafiya lau, ba rawa, amma ruwan da ya fito bai fi na buta ba. Na buɗe baki zan yi jawabina, Malam Garba ya riga ni.

"Ba ka hwaɗa mai ta ci ba? Kai da ka sani?"

Ya dubi albasarsa da ta fara kwanciya, ya karɓi lambar Sanusi a wayata, ya kira shi a gabana. Ya kashe ya ce wata za ta iso Kalgo ranar Asabar, kuma da kansa zai je ɗauka, kada in wahala.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa ƙungiya da ta tura ni. Albasar ta tsira, sai fangali shida da suka bushe. Da yamma yanzu nakan ji babur ɗin Malam Garba ya wuce ƙofar maƙerata, yana ɗaga hannu, ba ya tsayawa.