Mai Jiran Sabuwar Roba

Wani mutum na tsaye bakin gadon da ke kusa da nawa a asibiti, turarensa ya cika ɗakin, yana kaɗa makullin mota kamar shi ake ɓata wa lokaci. Matarsa ta tallafe nono ɗaya da ya kumbura. Likita na bayani: ruwan da aka zuƙo ya nuna ciwon daji a tantanin da ya lulluɓe robar ƙara girman nono da aka sa mata, amma in an cire duka yanzu, ana sa ran warkewa.

"To, yaushe za a sa mata sabuwa?" in ji shi.

Na rantse shi ya matsa mata ta sa robar tun farko. Ko kallonsa ba ta yi.

"Likita," ta ce, "in an ciro, ki ba shi abarsa ya tafi da ita."