Tukunyar Rairayin Ramatu

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai Ramatu makwancinta a nan Tawa. Matata ce shekara talatin da ɗoriya, kuma in za a faɗi gaskiya ita ta riƙe gidan, ni kuwa na riƙe igiyar awaki a kasuwa ina yabon dabbar da ban san uwarta ba. Dillali ne ni. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma wata huɗu na yi malamin ya ce in je in huta, wai ina hana sauran tsofaffi ji. Wanda ya ga baƙi ya karkace a rubutun nan ya yi haƙuri, hannun da ya saba da igiya ne.

Kwanan baya ina zaune ƙofar gida sai ga ɗan kabu-kabu ya wuce da wata mata, ta rungume gato, wato kek, hawa uku a cinya, fari fat, an yi masa furanni kamar lallen amarya. Na bi shi da kallo har ya sha kwana. Na ce a raina, da Ramatu na nan, da me za ta ce? Ba na jin za ta yi mamakin tsawonsa. Ina jin tsayar da matar za ta yi, ta tambaye ta wuta nawa ta sa a ƙasa, nawa ta sa a bisa. Don ita gato bai zo mata a cinya ba. Sai da ya ƙona mata yatsu mako shida kafin ya yarda da ita.

Balkisa ce ɗiyarmu ta fari. Masu shekaruna sun san abin da wannan ke nufi a Adar ta wancan lokaci. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ko faɗuwa ya yi ba ta nuna ta gani. Da aka yaye yarinyar, yayata Hajo ta zo ta goya ta zuwa Takanamat, can ta girma. Ramatu ba ta taɓa furta sunanta ba, “ta Takanamat” take ce mata. Ni ma ya kamata in yi wannan kunya, amma ni da kunya tun ina yaro muka raba hanya.

Shekarar da darajar kuɗinmu sefa ta faɗi, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan Tawa ya ga Balkisa, ita ma ta gan shi, aka sa rana. Yaron ba shi da aibu. Uwarsa ce dai matar tsohon akawu, wadda ta zauna Yamai ta ga duniya. Da Hajo ta je gaishe ta, sai matar ta ce mata cikin fara’a, su a danginsu gato ake sawa cikin gara, amma mutanen daji kada su wahal da kansu, alkaki ma ya isa. Hajo ta zo ta zube mana maganar a tsakar gida, tana huci. Ramatu na gefe tana tsintar wake. Ko kai ba ta ɗaga ba, don bikin ɗiyar fari ba maganar uwa ba ce, ta gwaggo ce.

Kashegari ta shiga gidan maƙwabciyarmu, wata Badamagariya matar ma’aikacin likita, wadda ta taɓa yin gato. Ta fito da awon a ka: fulawa gwangwani kaza, sukari kaza, ƙwai, bota, da wani farin gari na takarda mai sa kwaɓi ya kumbura. Da yamma ta kwance tunkiyarta, wadda ta yi kiwonta tun tana ’yar ƙarama, ta miƙa mini igiyar ta ce in kai kasuwa in sayo mata kayan. Na tambaye ta dalili. Ta ce, “Sana’a zan koya, maigida.” Na san ba sana’a ba ce, ta kuma san na sani. So take abin da ya fito daga hannunta ya shiga garar ɗiyar da ba ta iya kiran sunanta, ba tare da ta buɗe baki ta ce ita ta yi ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ya kamata yaran yau su san irin lokacin. Jam’iyyu sun cika gari, kowace da zanenta da makaɗanta. Ma’aikata yau yajin aiki, gobe taro. Duk abin da ke shigowa daga waje ya yi tashin gwauron zabi, fulawa da sukari sai ka gaishe su daga nesa. A irin wannan shekara ce mace mai murhun duwatsu uku ta ce za ta gasa abin da masu tanderu ke gasawa. In kayan tunkiyar nan suka ƙare, babu wata tunkiyar.

A gashin farko ta zuba kwaɓin a ’yan gwangwanayen madara, ta jera su cikin babbar tukunya, ta ɗora bisa wuta. Ƙasa ya zama gawayi, sama kuwa kunu. Maƙwabciya ta leƙo ta ce ai an manta a gaya mata, sai an shimfiɗa rairayi a gindin tukunya, a kuma zuba garwashi bisa marfi, don zafi ya zo ta ko’ina. Ramatu ta ce to. Ba ta zubar da ko loma ba. Ta kankare baƙin, ta shanya sauran, ta daka, muka sha a kunu kwana biyu.

Rairayin nan ni aka aika in ɗebo. Ta ce in je tudun bayan gari inda iska ke tace shi. Rana ta yi zafi, tudu da nisa, ga rairayi shimfiɗe ƙarƙashin ƙafata a kasuwar dabbobi. Na ce rairayi ai rairayi ne. Na cika buhu na kawo. Gaton ranar ya tashi da kyau, jajawur, har maƙwabciya ta tafa. Da aka gutsura sai kowa ya yamutse fuska. Ramatu ta sansana nata, ta dube ni.

“Maigida, ina ka ɗebo rairayin ga?”

“Tudu, kamar yadda kika ce.”

“Tudun da bunsuru ka kwana bisa?”

Da safe ta ɗauki kwarya ta tafi tudun da ƙafarta, ta tankaɗe rairayin, ta wanke, ta shanya. Ni kuwa aka naɗe mini gaton bunsuru a takarda na kai fada, inda muke shan shayi muna gyara ƙasa da baki. Abokina Agali, mai sayar da raƙuma daga arewa, ya ci biyu kafin ya ce wannan ne gato na farko da ya tuna masa gida. Daga ranar duk wanda ya lalace fada ake kai shi. Wanda ya yi kyau a ido ciki ɗanye, Agali ya sa masa suna alkawarin ɗan takara.

Sai farin garin takarda ya ƙare, aka neme shi a kasuwa aka rasa. Ramatu ta yi tunani irin na matan da suka saba da ɗan wake da tuwo, ta ce abin da ke sa abinci ya saki ai kanwa ce. Ta jiƙa ta zuba. Gaton ya fito da launin da ban taɓa gani a jikin abinci ba, tsakanin kore da ƙasa, ga ɗaci. Ko fada ta ce a kai kasuwa. Na ba akuyar gida, ta sansana ta juya mini baya. Ranar kaɗai na ga Ramatu ta zauna bakin murhu ta zuba tagumi. Bai kai shan ruwa ba ta miƙe ta wanke gwangwanayen. Ta jira har wani direba ya zo mata da garin daga Ƙonni.

Abin da ya fi ba ni mamaki da ita, ban gane shi ba sai da na tsufa. Ba ta taɓa sauya abu biyu a rana ɗaya ba. In ta rage wuta, awon na nan yadda yake. In ta ƙara ƙwai, wutar na nan yadda take. Ko alif ba ta sani ba, amma duk gashin da ta yi yana kanta, da abin da ya ɓata shi. Yau jikokina na kallon girki a salula, in ya ƙi sau ɗaya sai su ce mai bidiyon maƙaryaciya ce, su nemi wata. Da Ramatu ta gan su, ba faɗa za ta yi ba. Cewa za ta yi a kawo wanda ya lalace ta gani, don a wurinta shi ne malami.

Saura wanda ya fi ci mata rai. Rairayi ya gyaru, gari ya samu, wuta ta daidaita, amma sau uku a jere gato na tashi sai ya rufta a tsakiya kamar tsohuwar rijiya. Fulawa ta kusa gindin buhu, ranar kai gara saura mako guda. Ruwa ba ya tsami banza. Dalilin kuwa shi ne mai rubuta muku wannan. Duk lokacin da ta rufe tukunya ta shiga ɗaki yin salla, ƙamshi sai ya ɗauke ni. In lallaɓa in sa tsumma in ɗaga marfi, in leƙa, in mayar. Leƙe kawai, ko taɓawa ba na yi. Ina na san iska ɗaya ta isa ta kashe shi? A gashi na huɗu ta barbaɗa toka mai laushi kewaye da murhu ba tare da na lura ba. Da ta fito ta tsaya tana kallon sawun takalmin taya guda biyu, manya, sun je sun dawo. A gidan mutum ɗaya ke sa takalmin taya.

Na shirya wa faɗa, faɗa bai zo ba. Kwana uku kafin gara ta ce in tafi Takanamat in taho da Hajo. Ta san motar can ranar kasuwa take zuwa, kuma ba ta juyowa sai ta kwana. Haka ta raba ni da tukunyarta ba tare da ta kunyata ni gaban kowa ba. Da sauran fulawar da ta rage, wadda in ta ƙone ba ta da madadi, ta yi yini biyu bakin wuta, tukunya bayan tukunya.

Muka iso ni da Hajo muka tarar da kwalla biyu rufe da faifai. Hajo ta buɗe. ’Yan gato ne jere, kowane ya yi tozo, launin zuma, babu wanda ya rufta. Yatsun Ramatu duk bororo. Ta tura kwallayen gaban Hajo ta ce, “Yaya, ga gatonki.” Hajo ta ce nata kamar yaya. Ramatu ta ce, “Ke kika yi. Ke ce uwar ɗiya.” Hajo ta daɗe tana kallonta, sannan ta mayar da faifai ta ce Allah ya yi albarka. An ce da aka sauke gara, uwar ango ta ci ɗaya, ta ɗauki na biyu, ta tambayi tanderun wa aka kai. Hajo ta ce tanderun daji ne.

Bayan wata guda Balkisa ta zo gaisuwa. Ina ƙarƙashin rumfa ina yin kamar barci nake. Ramatu na tuƙa tuwo, ta ba ƙofa baya. Yarinyar ta durƙusa daga nesa, suka gaisa kamar baƙi, yadda suka saba. Sai ta ce, “Inna, gaton Gwaggo ya yi daɗi.”

Muciya ta tsaya. Ramatu ba ta waiwayo ba. Ta ce, “Gwaggonki ta iya.”

“Ki ce mata na gode.”

“Za ta ji.”

Muciya ta ci gaba. Iyakar maganar ke nan, kuma har Ramatu ta koma ga Allah ba su sake tayar da ita ba. Ba ta kuma taɓa sayar da gato ko ɗaya ba, mai cewa sana’a za ta koya.

Yau zamani ya juya. Balkisa na kiran ɗiyarta ta fari da sunanta tun daga ƙofar gida, tana rungume ta gaban kowa. Ba na cewa laifi ne. Wataƙila ma ya fi, don na ga abin da waccan kunya ta ci a jikin matata. Amma ban yarda da masu cewa iyayen da ba su san so ba. Sun san shi, hanyar baki ce aka toshe musu, sai ya bi ta hannu.

In na auna abin da ya rage na Ramatu, ba shi da yawa a ido. Ba ta bar gida ba, ba ta bar hoto ba sai na katin zaɓe. Abin da ya rage yana gidan Balkisa. Tana da tanderun gas yanzu, ta koya wa ’ya’yanta gashin, sun koya wa nasu, kuma har gobe sunansa a gidan gaton Gwaggo. Balkisa ta san wadda ta yi. Shekara talatin tana riƙe wa uwarta kunyarta, ba ta taɓa gyara sunan ba, ko bayan Hajo ta rasu. Ni ne yau na tona a jarida, don na ga in na bi Ramatu da Hajo babu wanda zai faɗa. Na san in Allah ya haɗa ni da Ramatu ba za ta yi mini faɗa ba, kallona kawai za ta yi, kuma wannan ya fi faɗa zafi. Na ɗauka. Ramatu ce ta yi gaton nan, ɗiyarta Balkisa ta yi wa.

Allah ya sanyaya makwancinta, ya yafe mata, ya yafe wa wanda ya riƙa ɗaga mata marfi.