Bargon Sojan Surukina

Matso kusa, 'yar'uwa, ja tabarmar nan. Wannan ba maganar ɗaga murya ba ce, har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Ina amarya a Lafiya, Turawa ba su tafi ba tukuna, na tarar da mahaifin maigidana a kwance. Tsohon soja ne. A yaƙin Boma mota ta kife da su, ƙashin bayansa ya karye, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Matarsa ke jinyarsa. Ni kuwa kin san surukuta: ba na kama sunansa, ba na cin abinci a gabansa, gaisuwa ma daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ido a ƙasa.

Sai Allah ya ɗauki ran tsohuwar, ana tsakiyar haƙar doya. Maigidana na noma can wajen Arikya. Da asuba zai gyara uban ya fita, sai magariba. Yini guda Baba na rigingine yadda aka bar shi. Ni dai in tura masa kwanon kunu kusa da gado, fuska a juye, in fito da sauri. Kowa na yabona, wai amarya mai kunya.

Akwai ƙungiyar taimakon tsofaffin sojoji da kan aiko masa da sabulu da bargo jefi-jefi. Wannan karon katifa suka aiko da shimfiɗar roba, tare da wata ma'aikaciyar jinya, 'yar ƙabilar Tibi, ƙatuwa, Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji. Ta shiga ɗakin, ba ta jima ba ta leƙo.

"Ke! Wa yake juya ta da rana?"

Na ce, "Ai surukina ne."

"Na ji. Wa yake juya ta?"

Ta kamo hannuna har bakin gado, ta ɗaga zanen. Gyambo ne a tsatsonsa kamar tafin hannuna, yana ruwa, yana wari, shi mai jikin bai ma sani ba. Ta ce, "Wannan yake kashe su, ba karaya ba. In ba a juyawa safe da rana da yamma, ba za ta ga damina ba." Ta nuna min yadda ake kamawa da yadda ake wankewa. Duk tsawon lokacin Baba bango yake kallo.

Washegari da hantsi na ɗauko ruwan ɗumi da gishirin garin Awe a ciki, na tsaya a ƙofar. Har ruwan ya fara hucewa, sai na ji murya daga ciki.

"Kofur!"

Na waiga, ba kowa a bayana.

"Da kai nake. Surukata tana ɗakinta, 'yar mutunci ce, ba ta shigowa nan. Kofur nake kira."

Na leƙa. Ya ja tsohon bargonsa na soja ya rufe fuska ruf.

"Kofur, matashi a hagu. Kama kafaɗa. Kama ƙugu. Abawtan, juya!"

Na juya shi. Wallahi ba nauyi, kamar damin kara. Yana ta ba da oda da ƙarfi ƙarƙashin bargon, amma hannunsa ya damƙe bakin gado. A nan na gane tasa kunyar ta fi tawa.

Haka muka ci gaba kullum. Gidajenmu kuwa zana ce tsakani, oda kuma da ƙarfi ake ba da ita. A bakin rijiya wata maƙwabciya ta ce, "Sannu Kofur, yaushe za a ƙara miki igiya?" Mata suka kwashe da dariya, na bar tuluna a wurin na gudo. Innata ta zo takanas daga Doma, ta zauna tana hawaye: "Haka na raine ki? Bayan surukinki?" Da lokacin juya Baba ya yi, a gabanta na tashi na ɗora ruwa. Maigidana bai taɓa ta da zancen ba, sai dai ya daina haɗa ido da ni in ya dawo ya tarar an riga an gyara.

Gyambon ya rufe bayan ruwa ya sauka. Baba ya rayu har ya riƙe ɗan farina a cinyar da ba ya ji. Kullum da safe in durƙusa a ƙofa, ya ce, "Lafiya lau, amarya," kamar bai taɓa jin hannuna ba. Har ya rasu bai taɓa yaye bargon nan ina ɗakin ba.

Inna kuwa ta koma Doma ba ta janye maganarta ba. To ke da kika ji duka, da ke ce a bakin ƙofar nan da ruwa a hannu, shiga za ki yi ko komawa?