Muryata da ke yawo a wayoyinku

"Abin da kika faɗa mini, daga ni sai Allah." Malama Asabe, kin tuna? Ke kika faɗa.

Na yi shiru tun bayan azumi. Yau na gaji.

Ina tsaka da tuƙa tuwo abin ya soma. Zuciyata ta hau bugu, hannuwana suka yi sanyi, numfashi ya ƙi shiga. Na saki muciya na kama kalmar shahada.

A asibiti aka auna jini, aka auna zuciya, aka ɗauki hoton ƙirji. 'Yan kunnena na gwal suka tafi a kuɗin gwaji. Komai lafiya lau, ni kuwa ko sallama aka yi a zaure sai in zabura.

Mijina, Baban Nafisa, ya ce, "Ki ƙara addu'a." Kamar da can garaya nake kaɗawa.

Daga baya wata likita ta ce, "Hajiya, ciwon fargaba ne, yana da magani. Ba imaninki ne ya yi rauni ba."

Kafin nan na riga na tura wa Malama Asabe, mai koyar da mu a Islamiyyar matan aure, saƙon murya ina kuka. Na faɗi abin da ko mijina bai sani ba: ina tsoron hankalina zai gushe.

Ta saka shi a guruf ɗinmu, wai darasi kan ƙarancin tawakkali. "Ai ban sa suna ba," in ji ta. Malama, daga Kusfa zuwa Ƙofar Jatau wa bai san muryata ba?

Yanzu iyayen yaron da ke neman 'yata Nafisa sun ɗage sa rana. Wai suna bincike ko akwai taɓin hankali a gidanmu. Yarinyar har ta rage cin abinci. Wannan ya fi ciwon firgita ni.

Na samu sauƙi, alhamdulillahi. Ina shan magani, ban bar azkar ba. Ƙirjin yakan buga har yanzu, sai in zauna in ja numfashi a hankali har ya wuce. Ladidi ƙanwata, Allah ya biya ki zaman layin asibiti.

Duk mai jin irin wannan ta je asibiti. Ɓoyewa ba haƙuri ba ne. Amma ki faɗa baki da baki. Abin da ya shiga waya ya bar hannunki.

Malama, daga nan zuwa Juma'a ki goge, ki faɗa wa guruf kin ci amana. In ba haka ba, ranar Asabar zan miƙe a ajinki in maimaita miki darasin amana da kika koya mana, daga nan in wuce gidan iyayen yaron da katin asibitina su ga abin da likita ta rubuta.

Kuma zan je.