Allurata a Firjin Yaya

Da amosanin gaɓɓai ya kama ni, safiya ta zama abokiyar gabata. Sai in farka yatsuna a ƙage, ko murfin buta ba na iya murɗawa. Ni kuwa da hannun nan nake ci, don a unguwarmu ta Bungudu in ana maganar alkaki da dublan na gara, ƙofata ake bugawa. Na sha jiƙe-jiƙe, na sha ƙwayoyi, har Allah ya haɗa ni da wani likita a Gusau. Ya ɗora ni kan wata allura da ake yi a fatar ciki duk bayan mako biyu. Wallahi kamar an sake mini hannu.

Sai dai allurar 'yar sharaɗi ce. Ba ta son zafi, sai firji. Kuma likita ya ce aikinta kwantar da garkuwar jiki, don garkuwar ce ke cin gaɓɓaina. "Saboda haka, Hajiya, in zazzaɓi ko mura mai ƙarfi ta kama ki, kada a yi. A kira ni, a jira ki warke."

Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune gefena ya faɗi haka. Ita ta karɓi lambarsa. Gidanta na Gusau akwai sola, mu kuwa wuta sai ta ga dama, don haka a firjinta allurar ke zama, kuma ita ke yi mini. Tun rasuwar Inna ban da wanda na sakar wa jiki kamarta.

Aka sa bikin 'yarta ta fari, za a kai ta Tsafe. Yaya ta ɗauki garar nan da zafi, wai dangin angon masu ido ne, ba za a buɗe fanteka a yi mata dariya ba. Na ce ta kwantar da hankalinta, alkaki nawa ne.

Ana cikin shiri wata mura ta shigo unguwa, gida-gida take bi. Ta same ni da zazzaɓi da tari da ciwon jiki. A asibitin garinmu aka gwada, babu maleriya, suka ce bairos ce, in huta in sha ruwa. Ranar allura ta zo, na buga wa Yaya na ce a ɗaga. Ni da ita mun san in na tsallake, yatsun nan ba za su kai ranar suya ba.

Washegari da hantsi sai ga ta da 'yar kula cike da ƙanƙara.

"Yaya, mi kika ɗauko? Kin manta abin da likita ya ce?"

"Haba Auta, ni zan manta? Na kira shi. Ya ce mura ce kawai, a yi."

"Kin gaya mishi da zazzaɓi?"

"Komi na gaya mishi. Ɗaga rigar."

Na ɗaga. In ba ita ba, wa zan ɗaga wa riga? Har addu'a na yi mata, na ce Allah ya bar zumunci, ta baro hidima ta taho Bungudu saboda ni.

Hannu bai ƙage ba. Na kwaɓa alkama, na murza, na naɗa, na zauna bakin murhu hayaƙi na shiga ƙirjina, ina suya ina tari. Alkaki ya yi kyau, ba yabon kai ba. Aka loda fantekoki aka nufi Tsafe da guɗa. Ni ban je ba, don a ranar numfashina ya fara sarƙewa, in na ja iska kamar ana soka mini tsinke a haƙarƙari. Maigidana ya sa ni a mota sai Gusau.

Ciwo ya sauka huhu. Da na dawo hayyacina likitan nawa ya zo bakin gado, ransa a ɓace.

"Hajiya, me ya sa aka yi allurar nan?"

"Likita, ai kai ka ce a yi. Yayata ta kira ka."

Ya dube ni ya ce, "Ta kira ni, gaskiya ne. Na ce mata kada a kuskura. Har maimaitawa na yi."

Innalillahi! Da ma a ce ba ta kira ba, sai in ce mantuwa ce, ko rashin sani. A'a, ta kira, ta ji, ta ajiye waya ta nemi ƙanƙara. Likita ya ce ba zai rantse allurar kaɗai ta jawo ba, amma ita ta buɗe ƙofa. Ni ba huhun ne ya fi yi mini ciwo ba. Na ji haushi, na ji kunya, na yi kuka har ma'aikaciyar jinya ta zaci numfashin ne ya tashi.

Aka dakatar da allura tsawon watanni, sai huhu ya washe. A cikin watannin nan amosani ya rama duk abin da aka hana shi. Yatsu biyu na hannun dama suka karkace, har yau ba su miƙe ba. Naɗin alkaki ya ƙare mini.

Yaya ta zo dubiya tun ina gadon asibiti. Ban ɓoye mata ba, na ce likita ya gaya mini komi. Ba ta musa ba. Ta gyara mayafi ta ce, "To ai ga shi kin tashi, Auta. Da wane ido zan dubi mutanen Tsafe?"

Sannan ta buɗe jaka ta fiddo 'yar leda, wai rabona ne na gara, ta ajiye mini tun ranar. Ta ce kowa sai tambaya yake wa ya yi alkakin nan. Ta sa mini guda ɗaya a tafin hannu.

Na gane naɗina. Na yi, na yi in rufe yatsu a kansa, suka ƙi.