Talatin da Biyu ko Goma

Shekarun baya, wata Laraba da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, mu uku ne a zauren gidanmu a Balan: ni, da mahaifina yana gyaran ƙotar fartanya, da abokina wanda ya zo hutu daga sakandare a Kano. Saura mako guda in zauna jarrabawar shiga makarantar koyon fasaha.

Ga yadda al'amarin yake. Mu 'yan gandu ne, kowane ɗa namiji yana noma tare da uba. Na roƙi mahaifina ya ɗauke mini aikin damina ɗaya in yi karatu. Ya yarda, da sharaɗi: in na faɗi, na koma gona, kuma an rufe maganar boko ke nan.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne lissafin fiziks, na motsi da ƙarfi. Ba ni da malami, sai wani tsohon littafi da na gada wurin kawuna. Don haka na kafa wa kaina doka. Na farko, rubuta abin da aka ba ka. Na biyu, rubuta abin da ake nema. Na uku, zana hoto. Na huɗu, ɗauko ƙa'ida. Na biyar, duba ko amsar ta yi kama da gaskiya. Littafin ya ce abin da ke faɗowa gudunsa na ƙaruwa da ƙafa talatin da biyu kowace daƙiƙa. Wannan lamba na haddace ta har ina faɗinta a bakin masaki.

Ran nan na miƙa wa abokina aikina ina jiran yabo. Ya duba, ya tuntsure da dariya.

"Kai, malam, wa ya aike ka da ƙafa da laba? Ai an bar su. Yanzu mita ne da kilo. Goma ake sawa."

"Goman me?"

"A wurin talatin da biyun nan taka. Littafin nan ya girme ka fa."

Na dubi mahaifina, bai ko ɗaga kai ba. "Ni ban san mita ba," in ji shi. "Damina ɗaya na sani, ga ta tana ƙarewa."

Washegari abokina ya aro tef ɗin tela mai awo biyu, inci a fuska ɗaya, santimita a ɗayar. Muka auna tsawon zaure, da tsayina, da igiyar gugan rijiyarmu, wadda ta kusa mita ashirin. Matan da ke jiran guga suka ce boko ya taɓa mu. Sauran kwanakin na yi su ina sake kowane lissafi daga farko. Abinci ba ya shiga. In na rufe ido sai lambobin biyu su yi ta kokawa.

A ɗakin jarrabawa a Kano, tambayar farko ta fiziks cewa ta yi an saki dutse cikin rijiya, ya kai ruwa cikin daƙiƙa biyu, a faɗi zurfinta. Na bi dokata ɗaya bayan ɗaya, na sami mita sittin da huɗu. Har na ja layi a ƙarƙashi. Sai mataki na biyar ya tsai da ni. Wace rijiya ce ta ninka tamu sau uku? Wane mai haƙa ne zai sauka can ya fito? Na koma sama. Ashe hannuna ya rubuta talatin da biyu shi kaɗai, ban sani ba. Na soke, na sa goma, amsa ta dawo ashirin. Tambayar guga da ake ja, da ta amalanken da ake turawa, duk sai da na riƙe hannuna kamar mai jan akuya a kusa da shuka.

Sakamako bai zo ba sai bayan an gama girbin gero. Na ci, amma da ƙyar, sunana can kusa da ƙarshe. Na je na tsugunna na gaya wa mahaifina. Ya ce, "To, madalla. Kafin ka tafi, akwai dawa ba a yanke ba."

Har yau in na tuna da cewa da abokina bai zo hutu a makon nan ba da na shiga ɗakin da awon da aka bari, gabana yakan faɗi. Ƙoƙari na yi shi, ba wanda zai ce ban yi ba. Mai duba mini ne na rasa.

Saboda haka ina roƙonku. In akwai wanda ke karatun jarrabawa shi kaɗai a gidanku, kada ku tsaya a kan yi masa addu'a kawai. Ku nemo wanda ya zauna jarrabawar kwanan nan, ya zo ya duba aikinsa a cikin makon nan.