Bangon Inna

Jikata ce ta tono mini wannan haushin. Ta nuna mini hoton wani tsohon littafi na mutanen Nahuwa, can ƙasar Meziko, na zamanin da Turawa suka ci su da yaƙi: kawunan mutane a jere, kowane kai da ɗan zane a gefe, tsuntsu ko tulu. Ta ce zanen shi ne sunan mai kan. Na ce ai Innata ta yi irinsa a unguwar Tandabawi, nan Makka, ba tare da ta taɓa jin labarinsu ba.

Inna mai wankan gawa ce. Matanmu da suka tako daga ƙasar Hausa, suka biyo ta Sudan, idan ajali ya riske su a Makka, ita ake kira. A nan ba a rubuta suna a kabari, ita kuma ko alif ba ta sani ba. Sai ta dawo ta ɗauki gawayi, ta zana tsagen fuskar matar a bangon ɗakinta, ta sa alamar sunan a gefe. Wadda aka raɗa wa sunan damina, ɗigon ruwa. Wadda aka haifa a hanya, sawun ƙafa. Dangi kan iso bayan shekaru suna cigiya, Inna ta duba bango ta ba su amsa. Ni ma ta koya mini.

Inna ta rasu bayan babban yaƙin Turawa. Ba a yi arba'in ba yayana, wanda ya fara aikin ofis har Hausa take masa nauyi a baki, ya sa aka shafe bangon da farar ƙasa. Ina gidan mijina a unguwar Zahir, ba wanda ya neme ni.

"Yaya, me ka yi?"

"Halas, ya ukti," in ji shi da Larabci, wato shi ke nan, 'yar'uwata. "Zane-zane aib ne. Na kwafe komai a takarda."

Na sa ya karanta mini. Takruniya, tsohuwa. Takruniya, doguwa. Haka har ƙasa, kowacce Takruniya, wato baƙar mace daga yamma. Wannan ne ilimin da yake mana taƙama da shi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma ban ce na yafe ba.

Da aikin hajji ya zagayo, wani manomi daga wajen Sakkwato ya yi sallama a gidan Inna, ranar ina can. Shekara huɗu yana hanya, yana neman mahaifiyarsa, aka ce ya zo gidan mai bango. Ya kwatanta tsagenta, ya faɗi sunanta. Kamar na taɓa ganin alamar kusa da taga, kamar kuma ban gani ba.

"Baiwar Allah, abu ɗaya nake so," in ji shi. "In yi mata addu'ar mamaci, ko in ci gaba da nema?"

Na kai shi ɗakin. Ya dafa bangon, farar ƙasa ta kama tafin hannunsa. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya sa takalmansa ya tambaye ni hanyar unguwar Mansur, inda tsofaffin matanmu ke sayar da abinci, ko zai gan ta a cikinsu.